Jami'ar coci da kuɗin makaranta: lissafin da ya kamata mu yi kafin yaro ya karɓi gurbi

 

Lokacin ya sake zagayowa. JAMB ta saki sakamako, jami'o'i sun fara fitar da sunaye, wayoyin yaranmu kuma sai ƙara suke yi da saƙonnin taya murna, wasu ma daga jami'o'i masu zaman kansu da yaro bai zaɓa ba. A duk taronmu na wata-wata a irin wannan lokaci, sai an samu uba ko uwa da za su ɗaga hannu su ce: "Tunda jami'ar ta coci ce, ai dai akwai sassauci ko?" Mun amsa wannan tambaya sau da yawa a baki, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta ta a nan, don wanda bai samu zuwa taro ba ya karanta a natse.

Amsar a taƙaice ita ce: akwai taimako, amma ba ya zuwa tare da takardar gurbi, sai an bi shi ƙofa-ƙofa, kuma da wuya ya ɗauki nauyin karatun gaba ɗaya. Duk iyalin da zai sa ɗansa a jami'ar addini, ya yi lissafin shekara huɗu ko biyar ko shida tun kafin ya biya kuɗin farko.

Mu a Kubwa maganar ta shafe mu fiye da mutanen wasu garuruwa, domin jami'o'in suna bayan gidanmu. Idan ka ɗauki hanyar Dutse ka nufi Bwari, inda hedikwatar JAMB da makarantar horas da lauyoyi suke, a can Jami'ar Veritas take. Ta Majalisar Bishop-bishop ce ta ɗarikar Katolika ta Najeriya. Hukumar NUC ta ba ta lasisi a 2007, ta fara karatu a 2008 a Obehie ta Jihar Abiya, sannan ta dawo mazauninta na Bwari a 2014. A ɗaya ɓangaren kuma, a Karu kan hanyar Keffi, akwai Jami'ar Bingham ta Ekklisiyar ECWA, wadda aka kafa a 2005, asibitin koyarwarta yana Jos. Sunan Rowland Bingham aka sa mata, ɗaya daga cikin mutum uku na mishan ɗin SIM da suka sauka a Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar Arewa.

Kusancin nan yana jan hankalin iyaye, kuma ba mu ga laifinsu ba. Duk wanda ya ga ɗansa zaune a gida daga Maris zuwa Disamba na 2020, ya sake ganinsa zaune daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022 saboda yajin aikin ASUU, ya san daɗin makarantar da za a ce shekara huɗu, ta kuma zama shekara huɗu. Ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki. Uwa da za ta iya shiga mota da safe ta ga 'yarta a Bwari, ta dawo kafin la'asar, barcinta ya fi na wadda 'yarta take tafiyar kwana a hanya.

To daga ina tunanin sassaucin ya samo asali? Daga dattawanmu ne, kuma ba ƙarya suke yi ba. Da yawansu makarantun mishan suka yi, a Wusasa, a Kagoro, a Gindiri, a Biliri da sauran wurare. A wancan zamani kuɗi yana zuwa daga majami'un Ingila da Kanada da Amurka, malamai da dama 'yan mishan ne da ba albashi ya kawo su ba, gwamnati kuma tana ba makarantun gudummawa. Yaron talaka yana iya yin noma a gonar makaranta ya rage kuɗinsa. Wannan tsari ya watse a shekarun 1970, lokacin da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. Jami'o'in addini na yanzu wani abu ne daban. Sai a 1999 aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi, da Babcock da Madonna da Igbinedion, kuma tun daga ranar farko da kuɗin ɗalibai suke rayuwa.

Jami'ar gwamnati, gwamnati ce ke biyan albashin malamanta. Asusun TETFund, wanda ake tarawa daga harajin da kamfanoni ke biya, shi ke gina mata ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, ya tura malamanta ƙaro karatu. Dokar asusun ta 2011 ta taƙaita wannan ga makarantun gwamnati kaɗai. Jami'ar coci ba ta samun ko sisi daga ciki. Albashin farfesa, gas ɗin janareto, kuɗin wuta, ruwa, tsaro, kayan da NUC za ta zo ta duba kafin ta amince da kwas, duk daga kuɗin makaranta suke fitowa da abin da ekklisiya ta iya sawa. Baikon da ake yi ranar Lahadi ya taimaka wajen sayen fili da aza harsashi, amma ba zai biya albashin ɗaruruwan ma'aikata kowane wata ba. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, nauyin ya ƙaru, kuma a kan iyaye yake sauka. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato Naira 840,000 a shekara idan mutum bai ci ba bai sha ba. Kwasa-kwasai irin su likitanci da shari'a da aikin jinya a jami'o'i masu zaman kansu sun wuce wannan adadi nesa. Yawancinmu kuma a Kubwa ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ga haya ga kuɗin mota zuwa cikin gari kullum.

Sai maganar bashin karatu na gwamnati, domin nan ne aka fi samun ruɗani. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai a Yunin 2023, aka gyara ta aka sake sa hannu a Afrilun 2024, asusun NELFUND kuma ya buɗe shafin neman bashin ranar 24 ga Mayun 2024. Tsarin yana da kyau. Babu kuɗin ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibin da ya nema kuma a ba shi Naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Sabuwar dokar ta cire sharaɗin kawo mai tsaya wa ɗalibi da na iyakar abin da iyaye ke samu. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan an gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma 'yan'uwa, a riƙe wannan da kyau: bashin na ɗaliban makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi ne. Ɗalibin jami'a mai zaman kanta, ta coci ce ko ta Musulunci ko ta ɗan kasuwa, ba ya ciki. Mun ga iyaye sun sa NELFUND a lissafinsu na jami'ar addini, sai bayan yaro ya fara karatu suka gane ƙofar a rufe take.

Haka abin yake ga tallafin cikin gida na Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya, shi ma na makarantun gwamnati ne. Gidauniyar MTN, wadda yaranmu masu karatun kimiyya da fasaha suka fi sani, ita ma ɗaliban makarantun gwamnati take ɗauka. Don haka duk sanarwar tallafi da aka turo a zaurenmu na WhatsApp, a fara karanta layin da ya faɗi irin makarantar da ake nufi, kafin a ɓata kuɗin data da na kafe.

Wani abin da ke ƙara ruɗa yaranmu shi ne abin da suke karantawa a intanet game da jami'o'in Kirista na Amurka. A can ɗalibi ɗan ƙasa yana cike fom ɗaya da ake kira FAFSA, gwamnati ta duba ƙarfin iyayensa, ta ba shi kyautar Pell ko bashi, ya tafi da kuɗin jami'ar da ya zaɓa ko da ta addini ce, muddin tana cikin tsarin. Jami'o'in kuma da yawa suna da dukiyar da tsofaffin ɗalibai suka bar musu shekara da shekaru, suna rage kuɗi daga ribarta. Shi ya sa a can takardar gurbi kan zo da wata takardar da ke lissafa taimakon da za a ba ka. Kama da wane ba ta wane. A nan kuɗin gwamnati makarantar gwamnati yake bi, jami'o'in addininmu kuma duka yara ne a shekaru, ba su tara irin wannan dukiya ba.

To ina taimakon yake? Daga abin da muka gani a gidajen mambobinmu, ƙofofi biyar ne, kuma wanda ya yi nasara yakan haɗa biyu ko uku.

Ta farko ita ce jami'ar kanta. Jami'o'in addini sukan ware wani abu don ɗalibai masu hazaƙa ko marasa ƙarfi, amma guraben kaɗan ne, sharuɗɗan kuma suna canzawa daga shekara zuwa shekara. Jami'ar Babcock ta ɗarikar Adventist da ke Ilishan-Remo a Jihar Ogun ta daɗe da tsarin da ɗalibi zai yi aiki a cikin makaranta a rage masa kuɗi. Gidauniyar David Oyedepo tana ɗaukar nauyin wasu ɗalibai a Jami'ar Covenant da ke Ota da ta Landmark da ke Omu-Aran, bisa sharaɗin ƙoƙari da rashin ƙarfi. Game da na kusa da mu kuwa, shawararmu ita ce uba ko uwa su taka da ƙafarsu zuwa ofishin kuɗi da ofishin kula da harkokin ɗalibai. Daga Kubwa zuwa Bwari ba tafiya ba ce. A tambaya: akwai rangwame ga 'ya'yan ma'aikatan ekklisiya ko ga iyalin da ke da yara biyu a makarantar? Ana biya kashi-kashi, kuma kashi nawa ne dole kafin a yi rajista, nawa kafin a shiga jarrabawa? Idan an ba yaro tallafi saboda ƙoƙari, wane maki zai riƙe don kada a janye? Tallafin ya haɗa da ɗakin kwana da abinci ko kuɗin karatu ne kawai? Idan aka ƙara kuɗi a shekara ta biyu, ƙarin yana hawa kan tsofaffin ɗalibai? Duk amsar da aka ba ku, ku roƙa a ba ku a rubuce. Matambayi ba ya ɓata.

Ta biyu ita ce ekklisiya. Nan ne 'yan'uwanmu Kirista suke da hanya, amma ita ma tana da tsarinta. A ECWA magana daga majami'ar unguwa take tashi, ta bi ta LCC zuwa DCC. A Katolika daga wurin Fada take tashi zuwa ofishin Bishop. Taimakon ya fi samuwa ga wanda aka sani, wanda ake gani a sujada da aikin ekklisiya, ga marayu da 'ya'yan gwauraye. Zumuntar mata da ta maza sukan yi abin da ya fi ƙarfin tsammani idan aka kai musu kuka da wuri. Abin lura shi ne dattawan ekklisiya suna tsara kasafinsu tun farkon shekara. Wanda ya zo ana saura mako biyu a rufe rajista, sai dai a yi masa baiko na musamman, wanda zai iya fitar da shi a zango ɗaya, ba zai kai shi shekara huɗu ba. Kuma kada wani ya ɗauka cewa don yana fitar da zakka da baiko shekara ashirin, jami'ar ta zama tilas ta rage masa. Wannan tunani ya sa wasu sun yi fushi da majami'arsu ba gaira ba dalili.

Ta uku ita ce jiha da ƙaramar hukuma. Nan akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Yaranmu a Kubwa aka haife su, a nan suka yi firamare da sakandare, wasu ba su taɓa yin wata guda a garin kakanninsu ba. Amma tallafin karatu na Babban Birnin Tarayya 'yan asalin yankin ya fi duba, irin su Gbagyi da Koro da Gade da Bassa da Gwandara, kuma wannan haƙƙinsu ne, su ne masu masaukinmu. Namu yaran sai su koma Kaduna ko Filato ko Kano ko Gombe ko Kebbi, su nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wannan takarda a nema tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare, domin ranar da aka buɗe shafin neman tallafi ba za a jira ka ka je ƙauye ka dawo ba. A kuma bincika ko hukumar jiharku tana karɓar ɗaliban jami'o'i masu zaman kansu. Ko an samu, abin da jihohi ke bayarwa yakan zama na littafi da sabulu ne, ba ya kusantar kuɗin makarantar.

Ta huɗu ita ce masu hannu da shuni da 'yan siyasa. Allah ya saka wa waɗanda suke yi don Allah. Sai dai alkawarin ɗan siyasa yana da wa'adi. Karatun shari'a da injiniya da aikin jinya shekara biyar ne, likitanci shida, kujera kuwa shekara huɗu ce, ita ma idan kotu ba ta karɓe ba. Idan wani babba ya ce zai ɗauki nauyin yaro, a gode masa, sannan cikin ladabi a tambaye shi: na shekara nawa, ranka ya daɗe? Idan zai yiwu ya biya kai tsaye a asusun makarantar, ya fi.

Ta biyar ita ce mu kanmu: dangi, adashi, ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata a ofis, da irin wannan ƙungiya tamu. A gaskiya wannan ƙofar ce ta fi ɗaukar kaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bari mu ba ku labarin gida biyu daga cikinmu, da izininsu, ba tare da kama suna ba. Dukansu a wasu jami'o'in addini ne da ke wasu jihohi, ba na nan kusa ba.

Gida na farko, yarinya ce mai ƙoƙari, tana karatun aikin jinya. Mahaifinta ma'aikaci ne, shi ke biya da bashin ƙungiyar ofis. Tana aji uku Allah ya yi masa rasuwa. Haƙƙoƙinsa na aiki ba su fito da wuri ba, uwar kuma ɗan shagon kayan miya gare ta. Jarrabawa ta matso, aka ce duk wanda bai kammala biya ba ba zai shiga ba. Abin da ya cece ta shi ne uwar ba ta ɓoye ba. Tun ana zaman makoki ta gaya wa matan zumunta, ta gaya mana. Aka rubuta wa makarantar takarda tare da shaidar rasuwa da wasiƙar fasto, aka roƙi ƙarin lokaci, aka samu. Majami'arsu ta ɗauki wani kaso, ƙanin marigayin ya sayar da fili a gida, mu kuma muka yi karo-karo wata uku a jere. Wani ɗan'uwanmu Musulmi mai sayar da katako a Dei-Dei shi ya cike abin da ya rage, ya ce kada a faɗi sunansa. Yau yarinyar tana aiki a asibiti, ita ke biya wa ƙannenta.

Gida na biyu, yaro ne. Iyayensa sun tara kuɗin shekarar farko da ƙyar, suna cewa Allah zai kawo na gaba. Ba mu musun ikon Allah, amma Allah ɗin ne ya ba mu hankalin yin lissafi. Shekara ta biyu aka ƙara kuɗi. Uban ya ci bashi a manhajojin bashi na waya, masu kuɗin ruwa mai yawa, waɗanda ke aika wa duk lambar da ke wayarka saƙon cin mutunci idan ka yi jinkiri. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, har ya daina zuwa taro. Kafin mu ji labari yaron ya yi zango biyu a gida. Makarantar ba za ta saki takardar sakamakonsa ba sai an biya bashin da take bi, ba takardar kuma ba maganar komawa wata jami'a ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai da ya sake zana JAMB ya fara daga aji ɗaya a jami'ar gwamnati. Kuɗin shekara biyu ya tafi, shekara uku na rayuwarsa sun tafi, uban har yanzu yana biyan bashi. Yaron yana karatunsa yanzu, kuma yana cin moriyar NELFUND, wanda da tun farko nan aka nufa da an huta.

Bambancin gidajen nan biyu ba arziki ba ne, domin na farkon ma ya fi shiga tsanani. Ɗaya ya yi magana da wuri, ɗayan ya yi shiru har ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Idan za ku yi lissafi, kada ku tsaya a adadin da ke kan takardar talla. Akwai kuɗin amincewa da gurbi, wanda yawanci ba a mayarwa. Akwai ɗakin kwana, domin galibin jami'o'in addini a ciki ɗalibai suke zama, ko da gidanku yana Kubwa. Akwai abinci, wanda yaro zai saya kullum idan ba a yarda a yi girki a ɗaki ba. Akwai gwajin lafiya, kwamfutar tafi-da-gidanka, tufafin da dokar makaranta ta tanada, kayan aikin asibiti ko na ɗakin gwaji, kuɗin zuwa koyon aiki, da na binciken kammalawa. Ku tara duka, ku ninka da yawan shekarun kwas ɗin, ku ƙara wani abu saboda tashin farashi. Sannan ku dubi sauran yaran gidan. Ba adalci ba ne a zuba komai a kan ɗan fari, ƙannensa uku su tsaya a sakandare. Ku kuma tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin, haka ma hukumar da ke kula da sana'ar, kamar ta likitoci ko ta lauyoyi ko ta ma'aikatan jinya, domin takardar da ba za ta kai yaro sansanin bautar ƙasa ba asara ce, ga sansanin nan muna wucewa ta gabansa kullum a Kubwa.

'Yan'uwanmu Musulmi, ku ma maganar ta shafe ku, domin waɗannan jami'o'i suna karɓar ɗalibai daga kowane addini, kuma akwai 'ya'yanmu Musulmi da suka yi karatu a irinsu. Tallafin da ake bayarwa don ƙoƙari maki yake dubawa. Wanda ke bi ta hannun ekklisiya kuwa na mambobinta ne, kamar yadda zakka da waƙafi suke da nasu mutanen. Kafin a biya komai, a karɓi littafin dokokin ɗalibai a karanta: me ya ce game da halartar taron sujada, da sutura, da wurin sallah, da fita ranar Juma'a, da abincin sahur da buɗa-baki a watan azumi? Kowace makaranta da nata tsarin. Gara a sani tun a gida a yanke shawara, da a biya kuɗi sannan a zo ana jayayya. Tun ran gini ran zane.

Kuma ba abin kunya ba ne a duba lissafi a ga bai fita ba. Ga Jami'ar Abuja, ga ta Jihar Nasarawa a Keffi, ga ta Fasaha a Minna, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga Kwalejin Ilimi ta Zuba, ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai hedikwata a Jabi. JAMB tana ba da damar canza makaranta. Wanda ya yi NCE ko difloma yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, wannan ma hanya ce ta rage shekarun biya. Abin da muke roƙo shi ne kada yaro ya danna amincewa da gurbi a shafin CAPS don murna kawai, kafin iyaye su zauna. A zaunar da shi ma a nuna masa lissafin. Yaron da ya san abin da aka sayar don a biya masa, riƙon da yake wa karatu daban ne.

A yi hattara da 'yan damfara. Lokacin nan ne suke fitowa, da sunan wata gidauniya ko wani Bishop ko wani Sanata, su ce a tura kuɗin fom. Tallafin gaskiya ba a sayensa. Kuɗin makaranta kuma a biya ta hanyar da makarantar ta bayyana a shafinta, kada a tura a asusun wani mutum ko da ya ce shi ma'aikaci ne a can, a kuma adana kowane rasit har ranar da yaro zai karɓi takardar kammalawa.

Daga ɓangarenmu, ga abin da za mu gabatar a taro mai zuwa don mambobi su tattauna. Na ɗaya, duk iyalin da ke tunanin jami'a mai zaman kanta ya sanar da kwamitin ilimi kafin ya biya kuɗin amincewa, a haɗa shi da wani ɗan'uwa da ya riga ya bi hanyar, su yi lissafin tare, kuma maganar ta tsaya tsakaninsu. Na biyu, mu buɗe asusun gaggawa na ilimi, kowa ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa duk wata, a keɓe shi ga ɗalibin da ya yi nisa a karatu sannan mutuwa ko ciwo ko rasa aiki ya faɗa wa gidansu. Ba zai biya wa kowa kuɗin shekara ba, amma zai iya hana a kori yaro daga ɗakin jarrabawa. Na uku, matasanmu da suka gama jami'a su ware Asabar ɗaya a wata su taya ƙannensu cike fom ɗin NELFUND da na jihohi, su duba musu NIN da BVN da lambar JAMB, domin saɓanin suna ko na ranar haihuwa a takardu yana hana da yawa samu. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman iyayen da 'ya'yansu suke waɗannan makarantu yanzu, ƙofa a buɗe take, ku zo taro da takardunku na bana mu amfana. Wanda kuma yake cikin matsi a halin yanzu, don Allah kada ya jira sai an koro yaro. Ya samu shugaba ko ma'aji ko uwar ƙungiya a keɓe. Mu duka baƙi ne a garin nan, junanmu muke da shi.

Allah ya buɗa mana hanyar halal, ya raya mana zuri'a, ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya jiƙan iyayen da suka rasu suna wannan ɗawainiya. Allah ya bar zumunci. Amin.